Yadda Ake Raba Kafet da Daɓen Katako da Fumfuna Bayan Ruwa Ya Shiga Ɗaki

Ruwa yana shiga ɗaki ta hanyoyi da yawa: kwano ya yi yoyo a tsakiyar marka, bututun banɗaki ya fashe da dare, kwata ta toshe ta maido da ruwa cikin gida, ko ambaliya irin wadda ta auka wa Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ko ta ina ya shigo, abin da ke biyo bayansa ɗaya ne. Ruwan zai janye, a share taɓo, a ɗauka an gama, sai bayan 'yan kwanaki ɗaki ya fara warin rima, a ɗaga gefen kafet a tarar da tabo baƙi-baƙi ko kore-kore, wani wurin kuma fari kamar an barbaɗa gari. Fumfuna ke nan.

Ƙwayoyinta suna yawo a iska ko da yaushe, a kowane gida, danshi kawai suke jira. Idan abu ya kwana ɗaya zuwa biyu a jiƙe, wato awa 24 zuwa 48, sun samu abin da suke so. Shi ya sa mafi yawan aikin da za a yi bayani a nan aikin busarwa ne. Maganin da ake fesawa yana da nasa wurin, amma duk wanda ya fesa magani a kan kafet ɗin da ƙarƙashinsa ke jiƙe, zai sake fesawa mako mai zuwa.

Kafin ka taɓa komai

Idan ruwa ya kwanta a ɗaki har ya kai ga soket ko wayar da ke ƙasa, ka kashe wutar gidan daga babban makunni kafin ka taka ciki, kuma ka tsaya a busasshen wuri lokacin kashewa. Kada ka ce ai babu wuta yanzu, ana iya kawo ta kana tsakiyar ruwan. Wanda ke da sola da batir ya tuna cewa tasa wutar ba ta jiran kowa, ya kashe injin juya wutar shi ma.

Sannan ka toshe inda ruwan ya fito. Idan kwano ne a kira mai gyara, idan bututu ne a rufe famfo daga tanki. Wanda ke zaman haya ya ɗauki hotunan ɓarnar da waya kafin ya motsa komai, domin ranar magana da mai gida.

Ka nemi takunkumi mai lamba N95, ana samu a manyan shagunan magani. Ƙyalle ko gefen rawani ba ya tare ƙwayoyin fumfuna. Ka haɗa da safar hannu ta roba mai tsawo, takalmin roba, da tabarau mai rufe ido idan akwai. Yara, tsofaffi, mai juna biyu, mai ciwon asma da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su koma wani ɗaki har a gama. Mai asma musamman kada ya ce zai taimaka, ko da riƙe bokiti ne.

Wane irin ruwa ne ya shiga?

Wannan tambayar ce ke yanke hukuncin abin da za a ceta da abin da za a zubar, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, saboda kafet kuɗi ne, wani lokacin ma kayan ɗakin amarya ne da iyaye suka sha wahala kafin su haɗa.

Idan ruwan famfo ne ko ruwan sama da ya zubo ta rufi, kuma an farga kafin kwana biyu, kafet zai cetu. Idan ruwan wanki ne ko na wanke-wanke, zai iya cetuwa amma sai an yi masa wanki na sosai. Idan kuwa ruwan ambaliya ne da ya bi ta kwata, ya ratsa masai da bola da turken dabbobi kafin ya iso ɗakinka, to kafet ɗin da aka shimfiɗa bango zuwa bango ya tashi daga aiki. Ba fumfuna kaɗai ke cikinsa ba, akwai ƙwayoyin cutar da ke kawo amai da gudawa, kuma a kansa yara ke rarrafe, a kansa ake ajiye kwanon abinci. A yanka shi gunduwa-gunduwa da reza, a naɗe, a sa a manyan ledoji a ɗaure a fitar. Kada a jingine shi a bakin ƙofa inda wani zai ga banza ya ɗauka. Ƙaramar darduma ko kafet na tsakiyar falo da za a iya ɗauka a jiƙa shi gaba ɗaya a wanke ciki da baya, shi ana iya gwada ceto shi.

Soson da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet don ya yi laushi, wannan kada ma a tsaya shawara a kansa. Ya sha ruwa, a zubar a sayi sabo. Ba ya bushewa da wuri, kuma kuɗinsa bai kai na wahalar ba.

Akwai kuma maganar girman wurin. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyaka mai sauƙin riƙewa: idan fumfunar ba ta wuce ƙafa uku a tsawo da ƙafa uku a faɗi ba, kusan murabba'in mita ɗaya ke nan, mutum zai iya yi da kansa. Idan ta mamaye rabin ɗaki, ko ta hau bango ta kama silin, aikin ya wuce na mutum ɗaya da burushi.

Kafet: fitar da shi waje

Ka kwashe kujeru, gado da duk abin da ke kansa. Ƙafafun kujera na ƙarfe suna barin tsatsa, na katako suna zubar da launi, kuma waɗannan tabon sun fi fumfunar wuyar fita. Ka rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna, ka buɗe tagogi.

Kada ka kunna fanka tukuna idan har fumfuna ta riga ta fito fili. Fanka za ta kwashi ƙwayoyin ta watsa su kan labule, katifa da kayan sawa. Fanka tana zuwa ne bayan an fitar da abin da ya kamu.

Ka fara ɗaga kafet daga kusurwa. Idan an manna shi da gam, ka bi a hankali da wuƙar fenti don kada bayansa ya yage. Ka naɗe shi fuskar tana ciki, ku kama mutum biyu ko uku, domin jiƙaƙƙen kafet yana da nauyin da ba a zata. A waje ka shimfiɗa shi a kan siminti mai gangara ko a kan katanga, ba a kan ƙasa ba.

Idan ya bushe kuma fumfunar ta zama gari, ka tsaya ta inda iska ke tahowa, ka goge ta da burushi mai tauri, fuska da baya. Bayan kafet ya fi fuskar muhimmanci, don a can take kafa saiwa. Idan ka ga bayan ya yi baƙi ko'ina, ko yana marmashewa a hannu, ko zaren yana fita da ka ja shi kaɗan, ka haƙura da shi, ya riga ya ruɓe. Kafet mai bayan algarara ya fi saurin kai wa wannan hali, mai bayan roba ya fi juriya.

Wankin

Ka zuba garin sabulun wanki kaɗan a bokitin ruwa mai ɗumi. Kaɗan ɗin nan da gaske ake nufi, kamar cokali biyu a bokiti, saboda sabulun da ya maƙale a zare yana jan datti daga baya. Ka goge da burushi, kana farawa daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa don kada ya yaɗu. Ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka matse ruwan da abin jan ruwa na roba ko gefen katako mai santsi, kana turawa gefe guda. Ka maimaita har ruwan da ke fita ya zama garau, babu kumfa babu launi. Dardumar salla da kafet ɗin masallaci da ruwan najasa ya taɓa suna buƙatar wannan ɗaurayar ta ƙarshe da tsarkakakken ruwa zalla.

Bayan haka sai farin ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar, wanda ake sayarwa a kwalba a shagunan kayan abinci. Ka zuba shi a kwalbar feshi yadda yake, ba sirki, ka fesa a wuraren da suka kamu, fuska da baya, ka bar shi kamar awa ɗaya, sannan ka sake gogewa ka ɗauraye. Warinsa yana tafiya da kansa idan ya bushe. Ka fara gwadawa a wata kusurwa da ba a gani, don wani rinin ba ya jure tsami.

Mutane da yawa hannunsu ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, yake fara kaiwa. A kan kafet wannan kuskure ne: yana cinye launi, kafet na ulu kuwa narkar da zarensa yake yi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne haɗa shi da wani abu. Idan ruwan bilic ya gamu da khal, ko da ruwan wanke masai irin Harpic, ko wani sinadari mai amoniya, yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Kada a haɗa su a bokiti ɗaya, kada kuma a zuba ɗaya a kan ɗaya a wuri guda ba tare da an ɗauraye tsakani ba.

Wanda kafet ɗinsa ya yi girma ya kai wa masu wankin kafet, galibi ana samunsu a wuraren wankin mota, suna da injin feshin ruwa mai ƙarfi. Sai dai ka gaya musu fumfuna ce, ka kuma ƙi karɓa idan sun naɗe maka shi da sauran danshi. Ka tura hannu cikin tsakiyar naɗin ka ji kafin ka biya.

Shanya

A nan Allah ya hore mana abin da wasu ƙasashe ke saye da kuɗi, wato rana. Ka rataya kafet a kan katanga ko ka ɗora shi a kan bencina biyu yadda iska za ta ratsa ta ƙarƙashi. Ka fara juya bayansa ga rana, don shi ya fi riƙe ruwa, kuma hakan na rage koɗewar launi. Ka riƙa juya shi bayan 'yan awoyi. Da la'asar ka shigar da shi rumfa, raɓar dare tana mayar da aiki baya.

Matsalar ita ce ambaliya ba ta zuwa da hunturu. Tana zuwa ne a Agusta da Satumba, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum kuma iskar kanta a jiƙe take. Idan rana ta ƙi, ka rataya shi a baranda ko zaure ka sa masa fanka ta tsaye tana bugun bayansa. Kada ka amince da abin da tafin hannu ya gaya maka a fuskar kafet, saman yana bushewa tun ciki na jiƙe. Ka ɗora farar takarda ko tsumma busasshe a bayansa, ka taka da ƙarfi, idan ta ɗauko sanyi ko laima, da saura.

Idan ya bushe ƙayau, ka barbaɗa masa bekin soda, ya kwana, ka kakkaɓe ko ka zuƙe da injin shan ƙura a waje. Tana rage wari. Turaren wuta kuwa, duk daɗinsa, rufe warin kawai yake yi na ɗan lokaci, ya hana ka gane cewa fumfunar na nan. Ka bar turare sai ka shinshina kafet ɗin ka ji babu komai.

Simintin da ke ƙasa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke sa fumfuna ta dawo. Siminti yana shan ruwa ya riƙe, ya riƙa sakinsa a hankali na kwanaki ko makonni. Ka wanke daɓen da sabulu, ka ɗauraye. A nan bilic yana da amfani, musamman bayan ruwan ambaliya: kofi ɗaya a lita huɗu na ruwa, kada a wuce haka. Ka shafa, ka bar shi minti goma tagogi a buɗe, ka goge. Ka haɗa da gindin bango, har sama da inda ruwan ya tsaya.

Yanzu ka kunna fanka. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya rufe tagogi ya kunna ta, tana tsotse danshin iska. Abu biyu ne ba a yi ko da wasa: kunna janareto a cikin gida ko a baranda kusa da taga, da shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe don wai ya busar da shi. Dukansu suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

Don ka san ko simintin ya bushe, ka yanki leda mai kauri kamar taku ɗaya da rabi a kowane gefe, ka manna ta a ƙasa da salatif ta ko'ina, ka bar ta ta kwana. Da safe ka ɗaga. Idan akwai gumi a cikin ledar, ko wurin ya fi kewayensa duhu, kada ka mayar da kafet. Haka ma ledar ɗaki: a ɗage ta gaba ɗaya, domin ruwan da ya shiga ƙarƙashinta ba shi da hanyar fita.

Daɓen katako

Da farko ka gane wanne ne a ɗakinka, don ba duk abin da ya yi kama da katako ne katako ba. Akwai na gaske, wanda aka yanko daga itace. Akwai kuma wanda ya fi yawa a sababbin gidaje da ofisoshi, mai shigowa a kwali ana harhaɗa shi, wanda cikinsa garin katako ne da aka matse, samansa kuma hoton katako ne da aka lulluɓe da roba. Wannan na biyun idan ya sha ruwa bakinsa yana kumbura ya ɓare, kuma ba ya komawa ko ya bushe. A cire waɗanda suka kumbura, a zubar da siririn soson da ke ƙarƙashinsu, a busar da ƙasan, a sa sababbi. Waɗanda ruwa bai taɓa ba a jingine su a inuwa, za su sake amfani.

Katako na gaske yana cetuwa, amma yana son haƙuri. Ka tsane ruwan saman da tsummoki. Ka cire katakon da ke bin gindin bango don iska ta samu hanyar shiga ta gefe. Idan allunan sun fara turo juna suna tashi, a kira kafinta ya cire ɗaya ko biyu a tsakani, hakan yana ba sauran wurin motsawa, yana kuma ba ka damar leƙa ƙarƙashi. Ka haska da tocila. Sau da yawa saman yana da kyau, fumfunar tana can ƙasa.

Wadda ke saman fenti ko man ƙyalli tana fita da sauƙi. Ka jiƙa tsumma a ruwan sabulu, ka matse shi sosai, ka goge kana bin tsawon zanen katakon, ka bi da busasshen tsumma nan take. Sannan ka haɗa khal da ruwa rabi da rabi, ka shafa sama-sama, ka bar shi minti goma, ka tsane. Kada ka kwara ruwa, katakon da ake ƙoƙarin busarwa ne. Bilic a nan ma ba shi da wani alheri: yana fashe launin katako, ba ya shiga can ciki inda saiwar take, ruwan da ke cikinsa kuwa yana shiga.

Sai busarwa, kuma a hankali. Fanka, iska, da na'urar sanyaya ɗaki idan akwai. Kada a sa masa zafi mai yawa ko a fitar da allunan a baza su a tsakar rana, za su tsage su karkace. Yana iya ɗaukar makonni, wani lokacin fiye da wata. Za ka ga allunan sun lanƙwashe, gefe ya tashi tsakiya ya faɗa, saboda ƙasansu ya fi samansu danshi. Yawancinsu suna kwantawa da kansu idan danshin ya daidaita.

A nan ne gaggawa ke ɓata daɓe. Mai gida ya gaji da ganin katako a lanƙwashe, ya kira kafinta ya goge gefen da ya tashi ya daidaita. Bayan wata guda katakon ya gama bushewa ya koma yadda yake, sai a wayi gari tsakiya ya yi tozo, gefe ya faɗa, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Kada samfefa ta taɓa shi sai ya bushe. Idan kafintanka yana da na'urar auna danshin katako, ya auna wurin da ya jiƙe ya kwatanta da wani wurin da ruwa bai kai ba, idan lambobin sun yi kusa da juna, lokaci ya yi. Idan babu na'ura, wanda gidansa ya jiƙe a ƙarshen damina ya jira iskar hunturu ta yi masa aikin, sannan a yi gyaran ƙarshe.

Idan tabon ya shiga naman katakon, a goge da samfefa mai lamba 100 har a kai ga wuri mai tsabta, a bi da mai lamba 220 don ya yi santsi. Takunkumi a fuska, a kwashe garin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya. Ka sani kuma ba kowane baƙi ne fumfuna ba: baƙin da ke kewaye da kan ƙusa sau da yawa haɗuwar ƙarfe ne da ruwan itacen, ba ya yaɗuwa, ba ya wari. Ka soka bakin sukundireba a wurin da kake shakka. Idan ya nutse cikin sauƙi, ko katakon yana ɓarewa kamar rogo dafaffe, wannan allon ya ruɓe, a canja shi, a kuma duba ko gara ta fara bin danshin. Sai an gama duk wannan ake shafa sabon man ƙyalli. Shafa shi a kan katako mai danshi kulle ruwan ne a ciki.

Bayan an mayar da kaya

Kayan da ka yi aikin da su a wanke su daban da ruwan zafi, tsummokin a zubar, kai ma ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro. Kujeru da durowa a bar ɗan tazara tsakaninsu da bango. A makonni biyu ko uku na farko ka riƙa ɗaga kusurwar kafet kana dubawa, musamman ta gefen bangon da ke jingine da banɗaki da kuma ƙarƙashin gado. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka rufe ɗakin ruf na yini guda, ka fita, ka dawo ka buɗe ƙofa ka shaƙa. Idan warin rima ya tare ka, akwai inda ruwa ya ɓuya, kuma wuraren da za ka fara nema su ne bayan katakon gindin bango, ƙasan kujerun zaman falo, da cikin silin idan ta sama ruwan ya zo. Idan kuma wani a gidan ya kama tari, atishawa, ƙaiƙayin ido ko numfashi mai shesshaka tun da aka koma ɗakin, a fitar da shi daga ciki a kai shi asibiti, a gaya wa likita cewa ruwa ya shiga gidan.